Vera Zozula: 'Yar Latbiya da ta katse mulkin Jamusawa a tseren zamiya kan ƙanƙara

Tun daga shekarar 1964, lokacin da aka shigar da wasan luj cikin Gasar Olamfik ta lokacin hunturu, sau 17 aka bayar da lambar zinare a tseren mata na mutum ɗaya. Jamusawa sun ɗauki 13 daga ciki. Ɗaya ta tafi Austriya, biyu kuma suka tafi Italiya ta hannun 'yan wasa biyu daga lardin Tirol ta Kudu, inda Jamusanci ne harshen gida. Lamba ɗaya tak ce ta fita daga hannun masu magana da Jamusanci, kuma wadda ta ɗauke ta ita ce Vera Zozula, 'yar wani ƙaramin gari mai suna Talsi a yammacin Latbiya, a gasar da aka yi a Lake Placid ta ƙasar Amurka cikin Fabrairun 1980.

Sai dai wanda ya buɗe kundin sakamakon Olamfik yana neman sunan Latbiya a gaban wannan lamba, ba zai same shi ba. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Tarayyar Sobiyat, saboda haka jar tutar Sobiyat aka ɗaga, kuma a lissafinta aka rubuta zinaren. Tarihin wasan Zozula ya haɗa abubuwa uku: wani wasa mai hatsari da ake raba nasararsa da ƙiftawar ido, gogayyar ƙasashe a zamanin Yaƙin Cacar Baki, da kuma yadda ƙasar da ba ta da manyan duwatsu ta zama ɗaya daga cikin gidajen wannan wasa na kan duwatsu.

Menene wasan luj?

Kalmar luj daga Faransanci ta samo asali, ma'anarta ƙaramin keken zamiya kan dusar ƙanƙara. Keke ne marar taya. Wani ɗan faffaɗan mazauni ne da aka ɗora a kan sanduna biyu masu lanƙwasa ta gaba, a ƙarƙashin kowace sanda kuma akwai siririn ƙarfe mai santsi wanda shi kaɗai ke taɓa ƙanƙara. A dokokin yau, nauyin keken mutum ɗaya yana tsakanin kilo 21 zuwa 25.

Ɗan wasa yana kwantawa ne rigingine a kan keken, ƙafafu a gaba, kai a baya, sannan ya gangaro ta cikin wata doguwar magudana da aka gina da siminti aka lulluɓe ta da ƙanƙara. Magudanar tana da kwana iri-iri, wasu masu tsayin bango ta yadda keken kan hau jikin bangon ya maƙale da ƙarfin gudu kafin ya sauko. Gudun yakan kai kilomita 140 a awa ɗaya. Babu birki, babu sitiyari, babu kuma wani abin da ya kare jikin mutum in ban da hular kwano da wata matsattsiyar riga mai santsi.

Luj yana da 'yan'uwa biyu da ake yawan rikita su da shi. Akwai bobsilei, inda mutum biyu ko huɗu ke tura wani rufaffen keke da gudu su faɗa ciki su zauna. Shi ne wasan da 'yan matan Nijeriya suka shiga a Olamfik ɗin 2018 a Koriya ta Kudu. Akwai kuma sikeletin, inda ɗan wasa ke kwantawa rubda ciki, kai a gaba. A cikinsa Simidele Adeagbo ta wakilci Nijeriya, Akwasi Frimpong kuma ya wakilci Gana, a wannan gasar. A cikin ukun, luj ne ake auna lokacinsa da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, saboda tsananin kusancin sakamako. A Olamfik ɗin 1998 a Nagano, Silke Kraushaar ta doke takwararta Bajamushiya Barbara Niedernhuber da kashi biyu cikin dubu na sakan, bayan an haɗa lokacin zagaye huɗu.

An gudanar da tseren zamiya na ƙasa da ƙasa na farko a 1883 a ƙasar Siwizalan, tsakanin garuruwan Davos da Klosters. Gasar Cin Kofin Duniya ta farko ta zo a 1955 a birnin Oslo, aka kafa Hukumar Wasan Luj ta Duniya, wato FIL, a 1957.

Yadda ake tuƙa keken da ba shi da sitiyari

Mai kallo a talabijin zai ɗauka cewa 'yar wasa kwance kawai take, gangara na yi mata aiki. A zahiri, jikinta duka ne sitiyarin. Idan tana son karkata hagu, sai ta danna sandar dama da ƙaurinta, ta kuma sauke nauyin kafaɗarta ta hagu a kan mazaunin. Motsin ƙarami ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa. In ya yi yawa, ƙarfen zai kankare ƙanƙara ya rage gudu. In ya yi kaɗan, keken zai bugi bango.

Akwai kuma matsalar gani. Duk lokacin da 'yar wasa ta ɗaga kai don ta duba gabanta, iska na tare ta, gudu ya ragu. Saboda haka ƙwararru sukan haddace hanyar kwana bayan kwana, su riƙa bitar ta a zuci kafin su hau, domin su tuƙa da kansu a kwance gwargwadon iko. A cikin kwana mai tsanani, jiki kan ji nauyin da ya ninka nasa har sau biyar, kuma wuya ne ke ɗaukar mafi yawan wannan wahala.

Farawa ma fanni ne mai zaman kansa. 'Yar wasa na zaune a kan keken, ta kama wasu hannaye biyu na ƙarfe da ke kafe a bakin hanya, ta yi gaba ta yi baya, sannan ta finciki kanta da ƙarfi. Daga nan sai ta riƙa tunkuɗa ƙanƙara da tafin hannu, sanye da safar hannu mai ƙananan ƙusoshi, kafin ta kwanta. Ɗan jinkirin da aka yi a wannan wuri yana ninkuwa har zuwa ƙarshen hanya.

Da yake mai nauyi ya fi marar nauyi gudu a gangara, doka ta yarda marasa nauyi su ƙara wani ƙayyadadden nauyin dalma a jikinsu. Doka ta kuma hana ɗumama ƙarafan keken, domin ƙarfe mai ɗumi ya fi santsi a kan ƙanƙara. Wannan doka ce ta haifar da babbar taƙaddama a Olamfik ɗin 1968 a Grenoble, inda aka kori mata uku 'yan Jamus ta Gabas bisa zargin ɗumama ƙarafansu, alhali biyu daga cikinsu ne ke kan gaba. A haka Erika Lechner ta Italiya ta samu zinare. Jamus ta Gabas ta musanta zargin, kuma har yanzu ana muhawara a kansa.

Ƙasar da ba ta da duwatsu

Latbiya ƙasa ce a gabar Tekun Baltik, tana maƙwabtaka da Estoniya da Lituweniya da Rasha da Belarus. Mutanenta a yau ba su kai miliyan biyu ba. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai dazuzzuka da tafkuna, kuma tudunta mafi tsawo bai wuce mita 312 daga doron teku ba. In aka kwatanta da tsaunukan Alps na Austriya da Jamus da Italiya, inda wasan luj ya girma, babu wanda zai yi tsammanin zakaru daga nan.

Abin da Latbiya ke da shi shi ne dogon hunturu da kuma kwarin Kogin Gauja, mai gangara masu kaifi a yankunan Cesis da Sigulda. A waɗannan gangara aka fara koyon wasan, a kan hanyoyin da sanyin gari ne ke daskarar da su. Da Tarayyar Sobiyat ta ƙudiri aniyar shiga wasan domin neman lambobi a Olamfik, sai ta tarar da cewa a Latbiya take da matasan da suka riga suka saba da shi. Wannan ya sa 'yan Latbiya suka zama ƙashin bayan tawagar Sobiyat a luj, daga baya kuma a bobsilei.

An haifi Vera Zozula ranar 15 ga Janairun 1956. Tana da shekara 20 a duniya lokacin da sunanta ya fito fili a 1976: ta lashe Gasar Cin Kofin Turai a Hammarstrand ta ƙasar Suwidin, ta kuma je Olamfik ɗinta na farko a Innsbruck, inda ta zo ta tara. A 1977 ta samu azurfa a Gasar Cin Kofin Duniya a Igls, bayan Margit Schumann ta Jamus ta Gabas. Shekara ɗaya bayan haka, a garin Imst na Austriya, ta zama zakarar duniya.

Waɗanda ta fuskanta

Girman wannan nasara ba zai fito ba sai an san da wa ta kara. Jamus ta Gabas ta ɗauki wasanni a matsayin hanyar nuna wa duniya cewa tsarin gurguzu ya fi na yamma. Ta kafa makarantun wasanni da ke zaƙulo yara tun suna ƙanana, ta ware cibiyar bincike ta musamman a Berlin ta Gabas domin ƙera kayan wasa, ta kuma gina hanyar zamiya mai injin sanyaya ƙanƙara a Oberhof a farkon shekarun 1970. Jamus ta Yamma ta riga ta buɗe irin wannan hanya a Königssee tun 1969, wadda ita ce ta farko a duniya.

Amfanin hanya mai injin sanyi a bayyane yake. 'Yan wasa na iya fara atisaye tun kafin hunturu ya kankama, su ci gaba har bayan ya fara ja da baya, a kan ƙanƙara mai inganci iri ɗaya. A wasan da ƙwarewa ke zuwa ta yawan maimaici, wanda ya gangara sau ɗari ya fi wanda ya gangara sau talatin, komai hazaƙarsa.

Sakamakon ya bayyana a Olamfik. A 1972 a Sapporo, matan Jamus ta Gabas sun kwashe zinare da azurfa da tagulla. A 1976 sun ɗauki zinare da azurfa, tagulla ta tafi Jamus ta Yamma. Margit Schumann kaɗai ta zama zakarar duniya sau huɗu tsakanin 1973 da 1977. Da ta fara ja da baya sai ga Melitta Sollmann, wadda ta lashe kofin duniya a 1979. Duk wadda ke neman zinare a 1980, sai ta bi ta kan wannan tsari gaba ɗayansa.

Lake Placid, 1980

An buɗe gasar ranar 13 ga Fabrairun 1980 cikin yanayin siyasa mai zafi. Makonni kaɗan kafin nan, a ƙarshen Disambar 1979, sojojin Sobiyat suka shiga Afganistan, Shugaba Jimmy Carter na Amurka kuma ya fara kiran a ƙaurace wa Olamfik ɗin bazara da za a yi a Mosko. 'Yan wasan Sobiyat sun isa Amurka ne a matsayin baƙin da ba a yi maraba da gwamnatinsu ba.

A kan hanyar zamiya ta Dutsen Van Hoevenberg, Zozula ta gama zagaye huɗu da tazarar fiye da sakan guda tsakaninta da Sollmann, wadda ta zo ta biyu. A wasan da ake rabuwa da kashi-kashi cikin dubu, wannan rata ce mai girma. Ta uku kuma ita ce Ingrida Amantova, 'yar garin Cesis mai shekara 19. Wato mata biyu daga cikin ukun da suka hau dandalin karɓar lamba 'yan Latbiya ne.

Duniya ta fi tuna Lake Placid da wasan hoki na kan ƙanƙara, inda ɗaliban jami'o'in Amurka suka doke ƙwararrun Sobiyat da ci 4 da 3. Ko a cikin wannan tawaga ta Sobiyat akwai ɗan Latbiya, Helmuts Balderis, wanda ya koma gida da azurfa. Hayaniyar wannan wasa ta danne labarin luj a jaridun yamma. Amma ga Tarayyar Sobiyat, zinaren Zozula na cikin guda 10 da suka ba ta matsayi na farko a yawan zinare, gaban Jamus ta Gabas mai guda 9. Da Sollmann ce ta yi nasara a tseren, da lissafin ya juya. Har zuwa rushewar Tarayyar a 1991, wannan ne kaɗai zinaren da ta taɓa samu a luj a Olamfik.

Bayan zinare

Zozula ba ta ajiye wasa nan take ba. A 1981 ta samu tagulla a Gasar Cin Kofin Duniya, abin da ya cika mata jerin lambobi uku a wannan gasa: zinare, azurfa da tagulla. A kakar 1981 zuwa 1982 ta zama gwarzuwar jerin gasannin shekara, inda ake tara maki daga tsere daban-daban a ƙasashe daban-daban. Masana wasan na girmama wannan kambu domin yana nuna ɗorewar ƙwazo tsawon hunturu guda a kan hanyoyi mabambanta.

Olamfik ɗinta na uku kuma na ƙarshe shi ne na Sarajevo a 1984. A can matan Jamus ta Gabas suka dawo da ƙarfinsu, Steffi Martin ta jagorance su suka kwashe lambobin uku. Amantova ta zo ta huɗu, Zozula ta biyar. A 1988 a Calgary ma haka suka sake yi. In aka jera gasannin Olamfik biyar daga 1972 zuwa 1988, cikin lambobi 15 na tseren mata, biyu ne kacal suka kuɓuce wa Jamusawa, kuma duka biyun 'yan Latbiya ne suka ɗauke su a rana ɗaya.

Da ta daina tsere, sai ta koma horar da 'yan wasa, ta yi aiki a Latbiya da Folan da Kazakistan. A 2006 hukumar FIL ta sanya sunanta cikin jerin gwarazan wasan na tarihi.

Lambar wace ƙasa ce?

Latbiya ta samu 'yancin kai ranar 18 ga Nuwambar 1918, kuma ta halarci Olamfik ɗin hunturu na farko a Chamonix a 1924 da tutarta. A 1940 Tarayyar Sobiyat ta haɗiye ta tare da Estoniya da Lituweniya. Daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa 1991, ɗan Latbiya ba shi da hanyar zuwa Olamfik sai cikin rigar Sobiyat. Ƙasar ta ayyana maido da 'yancinta ranar 4 ga Mayun 1990, ta tabbatar da shi a Agustan 1991, sannan ta koma Olamfik da sunanta a Albertville a 1992.

Kwamitin Olamfik na Duniya yana lissafa lamba ne da sunan tawagar da ɗan wasa ya wakilta ranar da ya ci ta. Saboda haka zinaren Zozula, da tagullar Amantova, da zinaren da Janis Kipurs ya samu a bobsilei a 1988, duk suna cikin jadawalin ƙasar da ta daina wanzuwa. A hukumance, lambar farko ta Latbiya a Olamfik ɗin hunturu ita ce tagullar da Martins Rubenis ya ci a Turin a 2006, ita ma a luj. Zinarenta na farko kuma ya zo ne ta bayan fage: tawagar bobsilei ta Oskars Melbardis ta zo ta biyu a Sochi a 2014, daga baya aka ƙwace zinaren daga 'yan Rasha saboda amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, aka miƙa wa 'yan Latbiya a wani biki da aka yi a Sigulda a 2020.

A cikin gida kuwa lissafin daban ne. 'Yan Latbiya na ƙirga Zozula a matsayin zakararsu ta farko a Olamfik ɗin hunturu. Dukkan lissafin biyu na da hujja. Tsarin Sobiyat ne ya biya kuɗin horo da tafiye-tafiye da kayan aiki, amma ƙasar da ta haife ta, da gangaren da aka koyi wasan a kansu, na Latbiya ne. Wannan tambaya ba ta tsaya kan Zozula ba. Tana bin ɗaruruwan 'yan wasa daga jamhuriyoyi 15 da suka fito daga cikin Tarayyar.

Gadon da aka gina da siminti

A 1986, shekara biyu bayan Olamfik ɗin Zozula na ƙarshe, aka buɗe hanyar zamiya mai injin sanyi a Sigulda, kimanin kilomita 50 daga Riga, babban birnin ƙasar. Tana da kwana 16, kuma da yake gangaren kwarin bai isa ba, sai aka gina doguwar hasumiya aka ɗora wurin farawa a samanta. Ke nan duk lambobin da Zozula ta tara, ta tara su ne kafin ƙasarta ta mallaki irin hanyar da abokan hamayyarta suka daɗe suna atisaye a kai.

Da Tarayyar ta rushe, hanyar ta zama mallakar Latbiya, tare da nauyin kula da ita a lokacin da tattalin arzikin ƙasar ke cikin mawuyacin hali. Riƙe ta ya biya. Sigulda ta karɓi baƙuncin Gasar Cin Kofin Duniya ta luj a 2003 da 2015, da gasannin Turai da dama. Yaron da ya tashi a yankin na iya koyon wasan a kan hanyar da zakarun duniya ke tsere, ba tare da ya tsallaka iyaka ba. Ƙasashe ƙalilan ne ke da wannan dama. Tasirin Latbiya ya kai har ga shugabanci: a 2020 wani ɗan ƙasar, Einars Fogelis, ya karɓi jagorancin hukumar FIL.

Matan da suka biyo baya

Wadda ta riƙe tutar a shekarun wahala ita ce Anna Orlova, wadda ta halarci Olamfik sau shida a jere, daga 1992 zuwa 2010. Ba ta samu lambar Olamfik ba. Matsayinta mafi kyau shi ne na bakwai a Turin. Amma tana cikin tawagar da ta ci azurfa a gasar duniya a Sigulda a 2003, da kuma wadda ta ci zinaren Turai a wannan hanya a 2010. Ita ce ta haɗa zamanin Sobiyat da na yanzu.

A 2014 aka ƙara wani sabon fanni a Olamfik, wato tseren tawaga na miƙa-miƙa. Mace ce ke fara gangarowa. Da ta isa ƙarshe sai ta ɗaga hannu ta bugi wani allo da ke rataye a saman hanya, wanda ke buɗe wa na biye da ita ƙofa a can sama. In ta kuskure allon, tawagar ta fita. Wannan fanni ya dace da ƙaramar ƙasa mai 'yan wasa kaɗan amma nagartattu. Eliza Tiruma ce ta buɗe wa Latbiya tseren a Sochi, tare da Rubenis da 'yan'uwan nan biyu Andris da Juris Sics, suka ci tagulla. Bayan shekara takwas, a Beijin a 2022, ta sake cin tagulla da sababbin abokan tafiya: Kristers Aparjods, Martins Bots da Roberts Plume.

Abin da ya rage shi ne lambar mace ita kaɗai, ƙarƙashin tutar Latbiya. Wannan ya samu a Fabrairun 2026 a Cortina ta Italiya, inda Elina Ieva Bota ta ci azurfa, shekara 46 bayan Lake Placid. Zinaren ya tafi ga Julia Taubitz ta Jamus.

Hatsari da tsada

Abubuwa biyu ne ke barazana ga makomar wasan. Na farko shi ne hatsari. Tun kafin a buɗe gasar luj ta farko a Olamfik a 1964, wani ɗan wasan Birtaniya, Kazimierz Kay-Skrzypecki, ya rasu a wajen atisaye a Innsbruck. Ranar 12 ga Fabrairun 2010, sa'o'i kaɗan kafin bikin buɗe Olamfik ɗin Vancouver, Nodar Kumaritashvili ɗan ƙasar Jojiya mai shekara 21 ya fita daga kan hanyar Whistler da gudun da ya haura kilomita 140 a awa, ya bugi ginshiƙin ƙarfe ya rasu. Nan take aka sauko da wurin farawa domin rage gudu, aka ƙara tsayin bango, kuma hanyoyin da aka gina bayan nan an tsara su ne da iyakance gudu.

Na biyu shi ne kuɗi. Gina hanya da sanyaya ta na cin maƙudan kuɗi, masu amfani da ita kuma kaɗan ne. Hanyar Cesana da aka gina don Olamfik ɗin 2006 an rufe ta bayan 'yan shekaru. Ta Sarajevo, inda Zozula ta yi tserenta na ƙarshe a Olamfik, yaƙin Bosniya ya lalata ta, yanzu kango ce a cikin daji. Ambaliyar Yulin 2021 ta yi wa ta Königssee mummunar ɓarna. Saboda wannan ne Kwamitin Olamfik ke ƙarfafa wa masu neman baƙuncin gasa gwiwa su yi amfani da hanyoyin da ake da su, ko da a wata ƙasa suke. Lokacin da Suwidin ta nemi baƙuncin gasar 2026, a Sigulda ta yi niyyar gudanar da wasannin zamiya. Ta sha kaye a hannun Italiya a ƙuri'ar 2019. Italiya ta zaɓi sake gina hanyar Cortina, aka kuma ajiye Lake Placid a matsayin madadin ko da aikin bai kammala a kan lokaci ba.

Ga Latbiya, darasin a sarari yake. Ƙarfinta a wasan ya dogara ne a kan hanya guda da ta haura shekara 35, da kuma 'yan tsirarun iyalai da masu horarwa da ke miƙa ilimin daga tsara zuwa tsara. Jamus na da hanyoyi huɗu da ɗimbin matasa da za ta zaɓa daga cikinsu. Duk da wannan bambanci, matan Latbiya sun hau dandalin lamba a Olamfik a 1980, 2014, 2022 da 2026. An kuma ƙara tseren mata na mutum biyu a jadawalin Olamfik daga 2026, abin da ya buɗe musu wata ƙofar. Matakin da ya rage wa 'yan bayan Zozula shi ne wanda ita ta taka a Lake Placid, kuma har yanzu babu wata mace daga wajen yankunan masu Jamusanci da ta sake taka shi.